Raɗaɗin ƙafa ga masu ciwon sukari: shin gado ne?

Mai tambaya, Gusau:
Assalamu alaikum. Shekara 9 ke nan ina fama da ciwon sukari, kuma tun bara tafin ƙafafuna ke raɗaɗi da dare kamar an zuba barkono, har ba na son mayafi ya taɓa su. Yayana ya riga ni kamuwa, ba ya kiyaye abinci kamar yadda nake yi, amma bai taɓa kuka da ƙafa ba. Shin raɗaɗin nan yana da alaƙa da gado? Ina roƙon waɗanda suka ga irin wannan su ba mu labari.

Wata Hajiya, Argungu:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da lafiya. Rashin kukan yayanka ba shaidar lafiya ba ne. Mahaifinmu bai taɓa jin zafi ba, ashe ƙafar ce ta mutu. Da hunturu ya miƙe ta kusa da kaskon wuta har ta ƙone bai sani ba, aka yi wata 4 ana wanke gyambon.

Ma'aikacin jinya, Birnin Kebbi:
Gaskiyar Hajiya. Kusan rabin masu ciwon sukari jijiyoyinsu kan taɓu, kuma muna ganewa da wani siririn zaren roba mai dannawar giram 10 da ake taɓa tafin ƙafa da shi. Batun gado kuwa yana da tushe, domin a 2006 masu bincike a Ingila sun gano cewa wasu yara a arewacin Pakistan ba sa jin ciwo ko kaɗan saboda sauyi a ƙwayar gado mai suna SCN9A, daga nan aka shiga duba ko wasu sauye-sauyenta ne ke sa wani ya fi wani shan raɗaɗi. Sai dai abin da ke hannunmu, wato kula da sukari, shi ke da hujja mafi ƙarfi: wani babban bincike mai suna DCCT na 1993, a kan mutum 1,441 masu ciwon sukari nau'i na ɗaya a Amurka da Kanada, ya nuna cewa tsananta kula da sukari ya rage lalacewar jijiya da kusan kashi 60 cikin 100.

Wani dattijo, Ƙaura Namoda:
Ni na daɗe ina shan maganin sukari mai suna metformin, da likita ya auna jinina sai ya tarar sinadarin bitamin B12 ya yi ƙasa, ƙarancinsa kuma shi ma yana taɓa jijiya. A nemi wannan awon.

Mai tambaya:
Na gode, Baba. Ranar Litinin, in sha Allahu, tare da yayana za mu je asibiti.