Allurar baya wurin haihuwa, wai duk abu guda ne?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa don Allah ku taimaka min. Cikina wata takwas, jiya naj je awo likita tac ce yaron a gicciye yake, in bai juya ba aiki za a yi, kuma wai ba za a sa ni barci ba allurar baya za a yi min. Ƙanwar maigidana ta ce ita efidural aka yi mata har da wani siririn bututu a baya, wai duk abu guda ne? Ga Inna na ta cewa allurar nan ka kawo ciwon baya har tsuhwa.

Anti Nas ta Mabera:
Wa'alaikissalam ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ba guda ba ne. Wadda aka hi yi wurin aiki sifaina ce, sau ɗaya ake sokawa cikin ruwan da ke kewaye da laka, cikin minti 5 jiki ya mutu tun daga ƙirji har ƙahwahu, ta kai kamar awa 2 zuwa 3 ta sake ki. Ita efidural ba ta kai ga ruwan ba, bututun ake bari a riƙa ƙara magani, shi ya sa ta dace da doguwar naƙuda, amma sai ta yi minti 15 zuwa 20 kahin ta kama kuma ba kowace asibiti ka yin ta ba don sai likitan kashe zafi na kusa. Awon jini (BP) kan yi ƙasa bayan sifaina shi ya sa ake sa ƙarin ruwa. In kina shan maganin tsinka jini ko kina da hawan jini ki gaya musu tun yanzu.

Ummu Sadik:
Ni sau biyu an yi min aiki da allurar bayan, idona biyu naj ji kukan ɗiyata wallahi har hawaye. Za ki ji ana ja ana dannawa amma ba zafi, sai dai rawar sanyi kam na sha ta. Na biyun na yi ciwon kai in na tashi zaune, in na kwanta ya lafa.

Anti Nas ta Mabera:
Irin ciwon kan nan a koma asibiti kar a zauna gida. Ciwon baya kuwa ki gaya ma Inna wurin allurar kwana kaɗan yake tsami, waɗanda suka haihu gida ma bayansu na ciwo.

Maman Hanifa:
Na gode Anti, Allah shi saka. Inna dai sai na kai miki ita da kanta.