Neman shawara: wane mai aikin famfo zan ba aikin sabon gidana a Gesse?

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina gina gida mai ɗaki huɗu a Gesse, cikin Birnin Kebbi, da shago a gabansa inda uwargida za ta riƙa sayar da abinci. An gama rufi, magini kuma ya ce ba zai fara filasta ba sai an binne bututu. Mutum biyu ke gabana: wanda ya saba gyara mana famfo a gidan haya, mai amana da sauƙin kuɗi, da wani da magini ya kawo, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Wanne ya dace in ɗauka?

Malam Umaru, Badariya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Gyaran famfo daban, shimfiɗa sabon aiki daban. Ni mai gyara na ba nawa saboda sabo, kuma ba a rufa wata biyar ba bangon banɗaki ya fara jiƙewa ta waje, fenti yana kumbura yana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Da muka fasa tayil, sai muka tarar da mahaɗa guda wadda ko gam ba a shafa mata ba. Duk wanda ka ɗauka, ka sa ya toshe bakunan bututun, ya cika su da ruwa daga tanki, a bar su su kwana, sannan ku bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya kafin siminti ya rufe su.

Hajiya Asabe, Nasarawa: Ɗana, shagon ne ya fi damuna. Ruwan wanke-wanke yana tafe da manja da guntun tuwo, waɗanda ke daskarewa su toshe hanya, saboda haka a ware masa bututunsa da ƙaramin ramin tare maiƙo mai murfi, wanda za a riƙa kwashewa. Idan mutum bai san wannan ramin ba, bai taɓa aikin gidan abinci ba.

Injiniya Sani, Gwadangwaji: Alhaji, ka yi wa kowannensu tambaya iri ɗaya ka saurara. Bututun masai inci 4 ne, yana buƙatar gangara mai kyau zuwa rami da kuma bututun fitar da wari wanda zai wuce saman rufi. Idan za ka sa hita, layin ruwan zafi na PPR ne, wato bututun roba mai jure zafi, wanda da injin ƙonawa ake haɗa shi, don haka ka ce ya nuna maka injinsa. Bututun roba na PVC da aka bari a rana, musamman a zafinmu na watan Afrilu da ke haura digiri 40, yakan bushe ya tsage. Abin da ya fi duka shi ne ya kai ka gidan da ya yi shekara 2 ko 3 da suka wuce, ka tambayi masu gidan a bayan idonsa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira su duka biyun, wanda magini ya kawo ya ce ranar Asabar zai kai ni wani gida a Bayan Kara, namu na gidan haya kuma ya amsa da kansa cewa bai taɓa haɗa PPR ba.