Dala 2,400 don horar da yaro mai tsaron gefe: in biya ko in haƙura?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa bin wannan hanya. Ɗana yana aji 11 a nan Columbus, kwanabak yake bugawa a ƙwallon Amurka, wato mai tsaron gefe da ke bin mai cafe ƙwallo. Tsayinsa ƙafa 5 da inci 10, kocinsu ya ce yana cinye yadi 40 a sakan 4.6. Bara sau ɗaya tak ya cafke jifan abokan karawa. Wani mai horarwa ya ce in ba shi dala 2,400 ya riƙe shi wata shida, ya haɗa masa bidiyo, ya kai shi sansanonin da jami'o'i ke zaɓen yara. Tasi nake ja, kuɗin tikitin gida ne na tara. Ta yaya ake gane yaro yana da abin a jikinsa?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Alhaji ka mai da shi ƙwallon ƙafa irin tamu, wannan dai kokawa ce da hular kwano.

Malam Na-Bronx: Alhaji, kada cafka ɗaya ta karya maka gwiwa. Nnamdi Asomugha ya cafke 8 a 2006 a ƙungiyar Raiders ta NFL, babbar gasar ƙwararrun wasan, daga nan masu jifa suka daina leƙa ɓangarensa, shekarun da suka biyo baya da ƙyar yake samun ɗaya a kaka, alhali lokacin ne ya fi ƙwarewa. Trevon Diggs kuwa ya cafke 11 a 2021, amma sau da yawa ana wuce shi saboda kwaɗayin ƙwallo. Ka zauna da bidiyon wasa cikakke. Sau nawa aka jefa wajensa? In yana gudu da baya ya zo juyawa, ƙugunsa na juyawa sumul ko sai ya yi taku biyu na banza? Idonsa na kan ƙugun mai cafewa ko yana can yana kallon mai jifa? In aka wuce shi aka ci, yaya yake dawowa a zagaye na gaba? Wannan na ƙarshen shi na fi dubawa, domin babu mai tsaron gefen da ba a taɓa kunyatawa ba.

Maman Abba: Yaya, don Allah ka riƙe kuɗinka. Nawa ma haka aka ce min, wai jami'o'i za su yi rububinsa. Na ci adashi na biya 3,800. A wani sansani na bazara, ko sulke ba su sa ba, ya juya da gudu jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ina zaune a mota aka zo aka kira ni. Mutumin da ya karɓi kuɗina sau ɗaya ya turo saƙon sannu, daga nan ko wayata bai ƙara ɗauka ba.

Maman Abba: Aikin gwiwar ma bai kai gashin ƙashi cin kuɗi ba. Inshora ta biya wani kaso ta tsaya, sauran daga aljihuna, ga aikin dare da nake yi a gidan kula da tsofaffi. Yaron ya daina magana da kowa, makinsa ya zube ƙasa da 2.3, kuma wannan ne mafi ƙanƙantar makin da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke karɓa a rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i. Yanzu kaya yake lodi a sito. Ranar Lahadi in aka kunna wasa tashi yake ya bar falon.

Hajiya Greensboro: Innalillahi. Allah Ya ba shi lafiya, Ya musanya miki da alheri, Maman Abba.

Malam Na-Bronx: Amin. Rauni ba ya duba girma. Jeff Okudah shi ne na 3 da aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NFL na 2020, wasan farko na 2021 agararsa ta tsinke.

Maman Abba: Shi an riga an biya shi miliyoyi, Malam. Nawa takardar bashi aka ba shi.

Abu Yasir: 2,400 tsada ce. A Houston dala 50 nake biya awa ɗaya, sau ɗaya a mako.

Bakano a Maryland: 50 a ina? Nan ba ka samun mai hankali ƙasa da 120. Wanda ya karɓi 50 tsere kawai zai sa yaro ya yi.

Hajiya Greensboro: Mu ko sisi ba mu biya kowa ba. Kocin makaranta ne ya tura bidiyon Hudl, shafin da ake ɗora bidiyon wasannin makarantu, muka biya dala 40 a sansanin kwana ɗaya na wata jami'a. Ɗan ƙanwata ya samu rabin tallafin karatu a rukuni na biyu. Ku dai sani rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa ko kaɗan.

Abu Yasir: Kuma 4.6 ɗin nan, da agogon hannu ne ko na'ura? Na hannu kullum yana yi wa yaro kara. In na'ura ta ce 4.75, a tsayinsa manyan jami'o'i ba za su waiwaye shi ba.

Malam Na-Bronx: Richard Sherman bai sauka ƙasa da 4.5 ba, sai a zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi a 2011, a 2013 ya fi kowa cafka.

Abu Yasir: Sherman ƙafa 6 da inci 3 ne, Malam. Kai a talabijin ka san wasan nan. Ni ɗana yana fili duk daren Juma'a.

Malam Na-Bronx: Na horar da yaran unguwa kyauta tun ɗanka bai fara tafiya ba. Biyan dala 50 ba ya mai da mutum koci.

Maman Abba: Ku yi ta musu. A cikinku wa ya taɓa kwana a asibiti da yaro?

Ɗan Damagaram: Ni dai in gudu ake nema a ɗauko Bakano, a ce masa ga Damagarawa nan tafe, na'urar ma ba za ta kama shi ba.

Bakano a Maryland: Ka fara biyan kuɗin goron da kakanka ya ci bashi a Kurmi tukuna.

Ustaz Zongo: Abin da ba wanda ya taɓo shi ne, sansanonin nan duk Asabar da Lahadi ake yin su. Ajin manyan samari a Islamiyyarmu ya kusa zama kango daga watan Mayu. Husain Abdullah da yayansa Hamza sun ajiye kakar 2012 sukutum suka tafi aikin Hajji, mu kuwa awa uku ta gagare mu.

Hajiya Greensboro: Ustaz, mun roƙi a buɗe ajin yamma tun bara, kwamiti ya ce babu malami. Kuɗin wata kuwa an ƙara.

Ustaz Zongo: An ƙara ne saboda hayar ɗakin ta tashi, kuma rabin iyaye ba su biya na watan jiya ba.

Abu Yasir: To a fito da lissafin a gaban kowa ranar Juma'a. Tun yaushe muke cewa a karanta mana shi?