Mutumin da ke cikin rigar dodon Arsenal: aiki yake yi ko wasa?

Nasiru: Jama'a, jiya a gidan kallo aka haska Gunnersaurus, koren dodon nan na Arsenal da mutum ke shiga rigarsa yana nishaɗantar da 'yan kallo, sai na ce har yau ina jin zafin abin da aka yi wa mutumin da ke cikin rigar a 2020. Jerry Quy sunansa. Shekara 27 yana shiga rigar nan, korona ta zo aka hana 'yan kallo shiga fili, sai aka sallame shi. Na ce aikinsa aiki ne kamar na kowa a kulob ɗin, kuma an zalunce shi. Aka yi mini caa. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Malam Bala: Ƙanena, kalmar zalunci ta yi nauyi. Tun watan Agusta na shekarar kulob ɗin ya sanar zai rage ma'aikata 55, ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Dodo don 'yan kallo ake yin sa. Fili babu kowa, wa zai ɗaga wa hannu?

Hadiza: Malam, a ranar da labarin ya fito, 5 ga Oktoba, a ranar Arsenal ta sayi ɗan wasa Thomas Partey fam miliyan 45. Mai wannan kuɗin ne zai ce albashin mutum ɗaya ya gagare shi?

Malam Bala: Ɗan wasa jari ne, Hadiza, ana iya sayar da shi gobe. Lissafin ba ɗaya ba ne.

Auwal: Ni fa duk ban ga abin ɗaga jijiyar wuya ba. Tsalle da rawa da ɗaukar hoto da yara, ko ni aka ba rigar yau zan yi.

Sagir: Auwal, ba za ka yi ba, wallahi. Na taɓa shiga irin rigar nan a wani tallan kamfani a Kano, cikin watan Afrilu. Soso ne da gashi tun daga kai har ƙafa, iska ba ta da hanyar shiga. Kafin minti 20 singiletina ta jiƙe sharkaf, gumi na shiga ido yana yi mini yaji, ga hannu cikin safa mai kauri, ba damar sharewa. Idon dodon da kuke gani ba ta nan kake gani ba, ta wata 'yar raga a wajen baki kake leƙe. Ba ka ganin ƙafarka, ba ka ganin yaron da ya zo ya rungume gwiwarka, dole sai da mai yi maka jagora. Wani yaron ya ja maka wutsiya, wani ya kai maka naushi don ya ji ko da mutum a ciki, wani ya fashe da kuka sai ka durƙusa ka lallashe shi da hannu kawai, domin ƙa'ida ce ba a magana. Kan da ke bisa wuyanka kuwa sai da daddare za ka san nauyinsa. Kwana uku na yi, na ce a ba wani.

Maman Ummi: Sannu Sagir. A Amurka ma, a 2013, dodon ƙungiyar ƙwallon kwando ta Denver, Rocky, ana sauko da shi da igiya daga rufin fili ya suma a cikin rigar. Haka ya iso ƙasa ba ya motsi, dubban mutane na kallo.

Auwal: To na janye batun sauƙi, Yaya Sagir, ban san haka cikin yake ba. Amma Ozil, ɗan wasan Arsenal a lokacin, da ya fito washegarin fitowar labarin ya ce zai biya albashin Jerry Quy muddin yana kulob ɗin, ai da biyu ya yi. A lokacin an ajiye shi ba a sa shi wasa, so yake ya kunyata shugabanni.

Nasiru: Zuciyarsa sai Allah. Ni abin da na gani shi ne ɗan wasa ya san wanda ke cikin rigar, ya kira shi da sunansa, alhali mu da muka yi shekaru muna kallon dodon sai ranar da aka kore shi muka fara jin sunan.

Malam Bala: Wahalar na yarda da ita, wanda ya shiga ya faɗa. Sai dai wahalar aiki daban, wajabcin a riƙe ka har abada daban. Wani ma'aikacin kulob ɗin ma ya rasa aikinsa, ba wanda ya yi masa kuka.

Hadiza: Shi ma da mun san shi da mun yi masa, Malam. Abin da ya fi damuna, ba a daɗe ba dodon ya dawo fili, yara suka ci gaba da rungumarsa, fuskar ba ta canza ba. Da Partey aka canza, minti ɗaya ba za a yi ba kowa ya gane.

Malam Bala: Wannan kam haka ne. Amma zalunci ban ce ba, kuma ba zan ce ba. Sagir, nawa suka biya ka a kwana ukun?

Sagir: Kuɗin mota da abincin rana, Malam, sai ɗan abin da na sayi maganin ciwon wuya.