Ƙirƙira ko Kwaikwayo? Cacar Baki a Zauren Kafintoci kan Wasa Faifan Zarto

Mai Kujeru: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau sai na amayar da abin da ke raina. Sati biyu ke nan na kai faifan injin tsagata wurin wani mai washi, faifai inci 10, haƙora 40, mai kabaid a baki, wato ɗan ƙarfe mai tauri da ake mannawa a kan kowane haƙori. Ba zan kama suna ba. Na karɓo na ɗaura, na tura madaci. Wallahi ban tsaga ƙafa biyu ba hayaƙi ya turnuƙe, gefen katakon ya yi baƙi ƙirin. Na kwance faifan na fita da shi rana: haƙora wasu dogaye wasu gajeru, uku gindinsu ya yi shuɗi saboda zafin giranda, ɗaya ya guntule. Na koma masa, wai ƙusa na ci. Madaci sabo dal daga 'yan katako, ƙusa ta ina?

Mai Kujeru: Baƙin cikin nan ne ya sa na zauna na ƙirƙiro mariƙin washi da kaina. Filawud mai kauri na samu, na huda tsakiya na sa noti daidai ramin faifan. A gefe na kafa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da ke faɗawa kwarin haƙori ya hana faifan motsi. Sai ɗan katako da na yanke a karkace daidai kwanciyar fuskar haƙorin, a kansa magagarin daimon ke zamewa. Na ɗauko tsohon faifan da na jefar ƙarƙashin benci, na jiƙa shi a kananzir, na goge ƙaron da ya daskare da tsohon buroshi. Na sa wa haƙorin farko alama da alƙalamin maka. Kowane haƙori shafa biyar, ba ƙari ba ragi, fuska kaɗai. Na ɗaura, ya ratsa madacin nan kamar kabewa. Don haka nake cewa: kafintan da ke da wannan mariƙin ya rabu da mai washi har abada.

Ɗan Panteka: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Oga. Amma "ƙirƙiro" na ji ka ce? Tun ina yaron shago nake ganin irin wannan a kasuwar Panteka ta Kaduna. Ka ce ka haɗa, mu yi maka barka. Ƙirƙira kam da sauranta.

Mai Kujeru: Ban taɓa ganin na kowa ba, Allah shaida. Ko YouTube ban buɗe ba. Dare biyu na yi ina aune-aune.

Ɗan Panteka: Rashin ganinka ba ya nufin babu shi.

Yaron Mai Kujeru: A gabana Oga ya yi shi, ni na riƙe masa fitila. Hassada ga mai rabo taki ce.

Ɗan Panteka: Kai yaro, da ogan naka nake magana.

Ɗan Maraɗi: Salama alaikum jama'a. Ni nawa faifan ƙarfe ne zalla, milimita 250, babu kabaid. Wannan mariƙin zai yi masa? Kuma yaya zan yi da karkatar haƙoran, tunda nawa sai an ɗan lanƙwasa su dama da hagu?

Malamin Fasaha: Ku bari in raba muku. Kalmomi uku ne a nan. Ƙirƙira ita ce kawo abin da babu shi a da. Ƙira ita ce ka sarrafa abu da hannunka. Kwaikwayo ka ga na wani ka yi irinsa. Tunda bai ga na kowa ba, ba kwaikwayo ya yi ba. Tunda kuma akwai irinsa a duniya, ba ƙirƙira ba ce. Ƙerawa ya yi.

Ɗan Na'ibawa: Haba Malam, ƙira ai ta maƙera ce. Ka taɓa jin an ce kafinta ya ƙera kujera a gidanku? Mu haɗawa muke.

Malamin Fasaha: Ana cewa an ƙera mota, an ƙera jirgi. Maƙera ne ke yin jirgi?

Ɗan Na'ibawa: Da ƙarfe ake yinsu ai. Nasa filawud ne.

Yaron Mai Kujeru: Akwai ƙarfe a jiki, wanda ke tare haƙorin. Daga tsohon maɓallin ƙofa muka yanko.

Mai Fenti: Ni tambayata daban. Wannan kabaid ɗin shi ne wanda masu walda ke zuba wa ruwa, wanda ake nunar da ayaba da shi? In shi ne, me ya kai shi kananzir?

Malamin Fasaha: A'a, suna ne ya zo ɗaya. Na masu walda na kalsiyam ne, ruwa na taɓa shi yake fitar da gas. Na bakin zarto na tangistin ne, an gauraya garinsa da kobalt an toya. Ya fi ƙarfen magagari tauri nesa ba kusa ba, shi ya sa magagari na gargajiya sai dai ya zame a kansa, sai daimon ko koren dutse ke cinsa. Kuma manna shi aka yi a jikin faifan da wuta. Ƙaramar giranda tana juyi wajen 11,000 a minti ɗaya, in aka danna ta a haƙori da hannu sake, mannin ke yin laushi. Shuɗin da Oga ya gani alamar wannan zafin ne. Haƙori irin wannan in ya fita inji na gudu, harsashi ne. Sannan ƙurarsa tana illa ga huhu, duk mai gurzarsa ya jiƙa da ruwa, ya sa takunkumi.

Ɗan Panteka: Mun gode da lacca. Amma dai ba ƙirƙira ba ce, ko?

Baba Mai Washi: Tun ɗazu nake karantawa na yi shiru. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shekarata talatin da wani abu ina wannan sana'a, da ita na aurar da 'ya'ya. Yau yaron da aka kawo koyon aiki a gabana yake cewa a rabu da mu har abada.

Mai Kujeru: Baba, wallahi ba da kai nake ba. Ba wurinka na kai ba, kai ma ka sani.

Baba Mai Washi: "Mai washi" ka ce, ba ka ware kowa ba. To saurara, ɗana. Faifan nan naka saman haƙoransa a karkace yake, wannan ya kwanta dama, na gaba ya kwanta hagu. Kai fuska kawai ka shafa. Kaifi zai dawo, ban musa ba, sau biyu ko uku. Amma saman da ya zagaye fa, wa zai gyara shi? Sannan shafa biyar a haƙorin farko ba ɗaya ba ne da shafa biyar a na 35, lokacin da hannu ya gaji. In haƙora shida suka ɗara sauran ko da kaurin takarda, su shidan ne ke yanka, 34 rakiya suka zo. Inji ya yi ta gurnani, katako ya ƙone, ka ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Ni in aka kawo mini faifai, sai na juya shi a kan sanda na sa alli a gefe, in ga haƙorin da ya fara taɓawa, kafin in kunna komai. Wanda ya ɓata maka naka bai iya ba ne. Kuma madaci ka gwada, je ka gwada kirya, ko ka wuni kana yanka MDF, allon garin katako da aka matse, da gam ɗinsa ke cinye kaifi, sannan ka dawo.

Ɗan Na'ibawa: Magana ta ƙare. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi.

Mai Kujeru: Baba, na ji batun tsayin haƙora, zan auna. Amma ka ga su ba wannan suke musu ba, kalma ɗaya suka riƙe.

Ɗan Panteka: Kai ka furta ta. Janye ta mu wuce.

Mai Kujeru: Ba zan janye ba sai ka turo hoton wanda ka ce ka gani a Panteka. Gani ya kori ji.

Ɗan Panteka: Mai shi ya rasu, Allah ya jiƙansa, shagon ma an sayar. Kai ina naka hoton?

Yaron Mai Kujeru: Na tura tun ƙarfe tara.

Mai Fenti: Hoton nan duhu ne, ni dai gefen benci da takalmin wani na gani.

Yaron Mai Kujeru: An ɗauke wuta ne.

Ɗan Na'ibawa: Ni abin da ke ba ni haushi da mutanen Kaduna, komai sai su ce a Panteka aka fara. Katakon da kuke aiki da shi ma nawa ne ke bi ta hannunmu a kasuwar Na'ibawa ta Kano?

Ɗan Panteka: Katakon daga kudu yake fitowa, ta Kaduna yake wucewa kafin ya iso muku. Afara da obece a Kano suke tsirowa?

Ɗan Na'ibawa: To tunda ka iya lissafin hanya, ka lissafa cikon kuɗin malainar da na ɗora maka a mota tun kafin azumi.

Ɗan Panteka: A zaure za ka yi mini wannan? Rabin katakon ɗanye ka aiko, ya bushe ya kantare, na faɗa maka a waya. Ka zo ka kwashi abinka.

Ɗan Na'ibawa: Da ka karɓa ba ka ga ɗanye ba ne sai da aka zo biya?

Mai Fenti: Subhanallah. Ku ji tsoron Allah, akwai yara a zauren nan.

Ɗan Maraɗi: Jama'a, batun faifan ƙarfen nan fa?

Malamin Fasaha: Ni dai ina nan a kan bakana, ƙerawa ce. Duk mai ƙamus a gida ya buɗe.

Ɗan Na'ibawa: Ƙamus bai taɓa riƙe zarto ba, Malam. Ku 'yan makaranta allo kuka sani.

Malamin Fasaha: Yaran da na koyar suna da shaguna a kasuwarku.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Kowa ya ajiye waya, ga abin da aka tsayar. Na ɗaya, kalmar ƙirƙira ba ta dace ba, kusan kowa ya yarda, kuma da ƙanenmu Mai Kujeru ya janye ta tun farko da ba a kai nan ba. Na biyu, Baba ya yi bayanin da babu wanda ya iya tankawa. Ni kaina shekara goma sha biyu wurinsa nake kai faifaina, ko sau ɗaya bai taɓa ƙona mini haƙori ba, don haka batun rabuwa da masu washi a bar shi. Mariƙin ƙanenmu dabara ce mai kyau ta fita kunya, ranar da aiki ya matse kuma hanya ta yi nisa, iyakarta ke nan. Ina ba shi shawara ya je har shago ya ba Baba haƙuri, ya tafi da mariƙin a duba masa. Na uku, maganar Panteka ba a kawo hujja ba, kuma katako kowa ya san inda kasuwarsa take. Batun cikon kuɗi, wanda ake bi ya biya, a daina kawo uzuri. Yaron Mai Kujeru kuma kada ya sake sa baki manya na magana, in ya ƙara zan cire shi. Baƙonmu na Maraɗi, ka bi Baba ta akwatin sirri. Na rufe zaure sai bayan sallar asuba.