Ma'aikaci a Abuja: a ci gaba da tari ko a nemi lamunin gida?

Baban Ilham: Assalamu alaikum. Mai albashin dubu 300 da ya tara miliyan 6, me ya fi masa: ya ci gaba da tari har ya kai kuɗin gida a Kubwa ko Lugbe, ko ya nemi lamuni? Duk komawa wajen dillalai sai a tarar sun ƙara.

Malam Akanta: Wa alaikumus salam. Tari dai ba zai kamo farashi ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, babu asusun ajiyar da ke biyan haka. Lamunin bankunan kasuwa kuma kada ma ya fara: miliyan 15 a kan kuɗin ruwa kashi 25 a shekara, ruwan kaɗai ya haura dubu 310 a wata. Na NHF, wato asusun gidaje na ƙasa da ke hannun FMBN, bankin lamunin gidaje na tarayya, shi ne mai sauƙi, kashi 6 a shekara, har shekara 30, in ana cire masa kashi 2.5 a albashi aƙalla wata 6. Miliyan 15 a shekara 30 kusan dubu 90 ce a wata, kuma ba a yarda biyan ya wuce sulusin albashi. Kenan abin da zai samu bai fi haka da yawa ba, shekarunsa ma na iya rage wa'adin. Mai gudun kuɗin ruwa ya tuntuɓi bankin Musulunci, Jaiz ko TAJ.

Hajiya Maman Sadiq: Baban Ilham, a fara da takarda. A Abuja Ministan Birnin Tarayya ne kaɗai ke ba da fili. Takardar mai unguwa ba ta hana rusau, banki ma ba ya karɓarta jingina. Lauya ya yi bincike a AGIS, ofishin da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, safiyo ya je ya tabbatar lambar fulotin ta dace da wurin da aka nuna, sannan a biya. Mararaba kuwa Nasarawa ce, takardunta daban.

Injiniya: In fili ya samu, a mayar da kuɗi kayan da ba sa lalacewa: rodi da kwanon rufi, a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Banda siminti, wata 3 ya yi yawa, danshin damina zai daskarar da shi. Gara a buga bulo a ajiye, mai inci 9 kada ya wuce 30 a buhu. Masu neman 50 su ne bangonsu ke tsagewa. A kai tushe matakin dandaɓe kafin a dakata, kada a bar ramin ginshiƙi buɗe ruwa ya cika shi.