Hotuna shida nake ɗorawa, ɗaya ke zama, don Allah ku duba min

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, kaina ya ɗau zafi. Kawuna baduku ne a Shiyar Madunka, jakunkuna da takalma da filon fata yake ɗinkawa, kuma tun rasuwar mahaifinmu shi ke riƙe da mu, shi ya biya min makaranta har na gama. Ya ce in yi masa shafin intanet don masu sarinsa na Kano da Legas su riƙa ganin kaya ba sai ya cika musu WhatsApp ba. Ya riga ya shaida wa duk maƙwabtan rumfarsa cewa ɗansa ya zama injiniya, ga Sallah ta matso, lokacin cinikinsa ke nan. Da PHP, yaren rubuta shafukan intanet, na rubuta shi. In na zaɓi hotuna shida sai ya ce an yi nasara, in leƙa folda in tarar da ɗaya. Wani lokacin kuma ba hoto, ba sunan kaya, ba farashi, fom ya dawo wayam. Mi ke faruwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Izinin folda ne, ba sai na ga kod ba. Mayar da izininta 777, wato kowa na iya rubutu a cikinta, ka je ka kwanta. Kuma ƙanena, wa ke rubuta PHP tsurarsa yanzu? Koma Laravel, shiryayyen tsarin gina shafi.

Na Runjin Sambo: Aikin dangi! Ni ma na yi wa wani ɗan uwanmu shafin shagon magani, har yau "Allah ya yi albarka" ne kuɗin aikina, kuma in ya manta kalmar sirri tsakar dare zai kira ni. Ka dai karɓi naka tun yanzu.

Maman Ihsan: Injiniya, da izini ne ai ko ɗaya ba zai shiga ba. Kuma 777 a saba (kwamfutar da ke riƙe da shafin) da kake rabawa da wasu, barin ƙofa buɗe ne. Ɗan Mabera, sunan akwatin hoton yana da [] a ƙarshe, kamar hotuna[]? In babu, PHP na ƙarshe kawai zai riƙe. Sannan da wane suna kake ajiye su?

Ɗan Mabera: Hajiya duk suna nan, har da multipart/form-data da ake sa wa fom mai tura fayil. Suna kuwa time() nake sa wa, sai in liƙa .jpg.

Maman Ihsan: To ga ɓarawonka. time() daƙiƙa yake ƙirgawa, shi kuwa zagayen kod ɗinka yana gama hotuna shida kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Duka sai su samu suna guda, move_uploaded_file kuma in ya tarar da fayil mai wannan suna danne shi yake yi ba ya faɗa maka. Shi ya sa na ƙarshe ke tsira. Yi amfani da uniqid() ko random_bytes, kowane hoto ya samu sunansa daban. Fom ɗin da ke dawowa wayam kuwa ciwonsa daban. Waɗanne hotuna ne ke yin haka?

Ɗan Mabera: Waɗanda yaron shago ya ɗauka kai tsaye da kyamarar waya. Nawa daga WhatsApp nake sauke su. Amma batun time() ɗin nan, malamin da na koya wurinsa a YouTube haka ya yi, kuma jama'a da yawa sun yaba masa. Ina ganin dai masu hostin, kamfanin da ke ajiye min shafin, ne ba su da kirki.

Injiniya: Yauwa, ka gane. Hostin mai arha haka yake. Sa ini_set a saman fayil ka ɗaga upload_max_filesize, iyakar girman fayil, zuwa 100M (megabait 100), magana ta ƙare. Na yi wa manyan mutane aiki a garin nan, ban taɓa jin kunya ba.

Malam Na Arkilla: Injiniya, da girmanka, wannan ba ya ci. PHP na gama karɓar fayil kafin ya karanta layin farko na kod ɗinka, don haka ini_set ya makara. A php.ini ko .user.ini ake gyarawa, ko ta cPanel, shafin sarrafa hostin. Asalin saitin PHP 2M ne ga kowane fayil, post_max_size 8M ga fom gaba ɗaya, fayil 20 a tura ɗaya. WhatsApp na matse hoto shi ya sa naka ke wucewa. Na kyamara ƙwaya uku na iya haura 8M, kuma da an haura, $_POST da $_FILES duka komawa suke fanko. Buɗe phpinfo() ka ga naka adadin, ka kuma buga $_FILES['hotuna']['error']. In ka ga 1, fayil ya yi girma. In 3 ne, rabi ya iso.

Na Runjin Sambo: Ai 3 ɗin nan mu ne gidansa. Da sabis ɗin unguwarmu, ko hoton fasfo sai ka hau katanga.

Injiniya: Dogon turanci. Da Laravel ya yi da duk ba a zo nan ba.

Maman Ihsan: Laravel ɗin ba a kan PHP yake zaune ba? Iyakar 8M ɗin za ta bi shi har can.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai. Sai dai ba na son taɓa sunayen, na riga na shigar da kaya masu yawa a ma'ajiyar bayanai da wannan tsari, kuma hoto ɗaya-ɗaya yana shiga lafiya lau, kun ga kod ɗin ba shi da laifi. Na yi 777 ɗin, ba abin da ya canza. cPanel kuma ban ga wurin da Malam ke faɗa ba. Ko in ce wa yaron ya riƙa ɗorawa ɗaya bayan ɗaya?

Malam Na Arkilla: Ba wanda ya ce ka taɓa tsofaffin. Ka mayar da izinin foldar 755 tukuna, kai kaɗai ke iya rubutu a cikinta, ka turo mana kod ɗin.

Injiniya: Turo min bayanan shiga cPanel ta akwatin saƙo, in gyara maka cikin minti biyar.

Admin: Kar kowa ya ba kowa kalmar sirri a gidan nan, mun sha faɗa.

Ɗan Mabera: An ɗauke wuta, caji ya kusa ƙarewa, Kawu kuma na ta kira. Zan turo kod in Allah ya kai mu.

Na Runjin Sambo: Kafin ka tafi, nawa Kawu ke sayar da filon fatar?